Baƙar Sandar da Ke Cikin Rediyon Kaka

Ku da kuka cika mini akwatin saƙo da tambayar ko an sa rana, ku yi haƙuri, ba a sa ba, ba a ma kama hanyar sawa ba. Kwano ɗaya ne ya shiga tsakani, kuma labarinsa zan ba ku yau.

Sababbin zuwa, sunana Sidonie. Tela ce ni, ina zaune gidan mahaifina a Poumpoumré, nan Garwa. Asalinmu mutanen dutse ne daga wajen Mokolo, amma ni nan aka binne cibiyata, Hausata kuma ta kasuwa ce, a gindin teburin Mama na koye ta tana auna wake da gyaɗa. In kun ji Faransanci ko Fillanci ya faɗo a tsakiyar magana, haka bakinmu yake a garin nan.

Wanda ake magana a kansa sunansa Aristide, mai gyaran kayan wuta ne. Zafin bara ne ya haɗa mu. Wuta ta riƙa zuwa tana tafiya yadda ta ga dama, ga ɗinkin Ista jibge a shagona, sai na haɗa sola da batir da inbata don keken ɗinkina ya daina tsayawa. Wata rana da hantsi inbatan ya fara kuka siriri kamar sauro, sai ƙauri, sai ɗif. Na ɗora shi a moto, babur ke nan, raina a ɓace, na kai wani atelye, wato shagon gyara, da ke bayan babbar kasuwa. Wani dogon saurayi mai natsuwar da ta fara ba ni haushi ya kwance shi, ya zaro wani baƙin abu da aka naɗe da zaren jan ƙarfe, ya nuna mini tsagewa a jikinsa. Ya ce zafi ne ya yi masa yawa, sunansa ferit, kuma irinsa mai laushi ake ce masa.

Na danna shi da farce, na ce ina laushin yake. Ya ce laushin a halinsa yake. In wuta ta bi zaren da aka naɗa masa sai ya zama maganaɗisu, ana ɗauke ta ya saki, ba ya riƙe komai. Yana kamawa yana saki sau dubbai kafin a ƙifta ido, kuma da yake wuta ba ta ratsa jikinsa yadda take ratsa ƙarfe, ba ya saurin ɗaukar zafi. Shi ya sa cajar waya ta zama 'yar ƙarama da za ta shiga aljihu. Ni da ba na yarda da maganar namiji a karon farko, na zare allura daga bakin zanena na ɗora a kai. Ta zame ta faɗi ƙasa. Ya ɗauke ta ya kai kusa da bayan wata tsohuwar sifika, ta manne caraf, ya ce wancan shi ne mai taurin, shi riƙo gare shi. Daga nan fa na fara samun dalilan bi ta bayan kasuwa.

Kafin damina ta ƙare na san kayan shagon nan kamar zarurrukana. Akwai masu siffar zobe, akwai masu ƙafa uku da ake haɗa biyu baki da baki, akwai dogaye kamar alli na cikin rediyo, har kumburin nan da kuke gani a wutsiyar cajar kwamfuta shi ne a ciki, yana tace hayaniya. Na inbata daban, na rediyo daban, ko da launinsu ɗaya ba a musanya su. Har naɗi na koya. Hannun da ya saba da kalmasa ba ya wahala da zaren jan ƙarfe, kuma Aristide ya ce nawa ya fi nasa jeruwa. Har yau ban sani ba ko gaskiya ce ko cikin zance ne.

Maigidansa wani dattijo ne, Papa Léon, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da jan ƙarfe. Shi ya ɗauki Aristide tun yana sabon zuwa daga Ngawundere, ya koya masa sana'a, har ɗaki ya ba shi a gidansa. Ba shi da yawan magana. In na shigo ya ce “sannu 'yata” ya mayar da kai kan aikinsa, ni ma ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba.

A gidanmu kuwa Baba Jonas ne mai gida, direban motar auduga kuma dattijon coci, amma kowa ya san ba a gama magana sai ta bi ta ɗakin Kaka Berthe, mahaifiyarsa. Ta sauko daga dutse ne tun ina jaririya, kafin gwiwoyinta su gaza. Ita ta goye ni lokacin da Mama ke kasuwa, ita ta huda mini kunne, kuma tun da na kai tsayin murhu ba ta shan kunun kowa sai nawa. Na Mama wai ruwa ne, na ƙannena wai gudaji. Nawa mai tsamiya da gyaɗa take jira kowace safiya, a wani tsohon kofin silba da hannunsa ya lanƙwashe. Ina son tsohuwar nan fiye da yadda zan iya rubutawa, ku riƙe wannan.

Da Baba ya yarda Aristide ya zo gaisuwa ranar Lahadi bayan coci, ni na kawo dabarar rediyo. Kaka tana da wata tsohuwar rediyo mai rigar fata, da take kamo wata tasha mai nisa daga wajen Najeriya, inda ake sa waƙoƙin coci da gaishe-gaishe. Kaza ta ture ta daga taga, tun daga nan tashar gari kawai take kamawa, ta nesan sai shuu. Da na ba Aristide labari ya ce ya san ciwon, sandar ciki ce ta karye. Tashar gari eriyar ƙarfen waje ke kamo ta, ta nesa kuwa aikin baƙar sandar ne. Na ce to ya zo da sabuwa a aljihu, in ya gyara wa Kaka rediyo ya gama da gidan.

Ranar na sa koriyar atamfata mai zanen ganye, ɗinkin hannuna, wuyan kwale-kwale, na yi ɗaurin da sai da na warware shi na sake. Mama ta tuƙa tuwon dawa da miyar folere, yakuwa ke nan, da kifin Binuwai manya. Aka share tsakar gida aka shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya. Aristide ya iso cikin farar riga da ta sha guga, takalmi na ƙyalli, da ledar sabulu da suga da gishiri. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Kaka da Fillanci, “jam na, Maama”, ta amsa tana ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. Na ga alamar ya yi mata, don har tsokanarsa ta yi wai wannan tsawo ina za a sami gadonsa.

Aka fito da rediyo. Ya kwance bayanta a kan cinyarsa, ga sandar ta rabu biyu kamar yadda ya faɗa. Ya zare naɗin a hankali ya zura shi a sabuwar, ya matsa da shi gaba kaɗan, ya dawo da shi baya kaɗan yana saurare, sai ga muryar masu waƙa ta fito tas. Kaka ta tafa hannu. Ni kuwa ina bakin kicin ina jin kaina kamar ni na ƙera rediyon.

Sai ta miƙa hannu ta ɗauki guntun tsohuwar sandar. Ta auna nauyinsa a tafinta, ta duba bakin karayar, ta ƙwanƙwasa shi a kan dutsen da take ɗora ƙafa. Ya yi ƙara irin ta tsingaro.

“Wannan ƙarfe ne ko ƙasa?”

“Duka biyun ne, Kaka. Tsatsar ƙarfe ake niƙawa ta zama gari, a gauraya da wasu ma'adinai, a matse, a gasa a wuta yadda ake gasa tukunya. Shi ya sa in ya faɗi yake fashewa.”

“Aikinku ke nan?”

“Shi ne abincinmu. Tun ina yaro hannuna ke cikinsa.”

Yana faɗa yana murmushi, bawan Allah. Ni kuwa ludayin da ke hannuna sai da na ajiye shi, don na ga fuskar Kaka ta rufe.

Bari in yi muku bayani, don na san masu karatu na Kano da Maraɗi za su ce mene ne a ciki. A dutsenmu ƙira da ginin tukwane gida ɗaya ne. Mijin yana ƙarfe, matar tana yumɓu, kuma su ne ke ɗaukar gawa su binne. Ba mai iya rayuwa ba su, fartanyarka daga hannunsu take, tukunyarka ma haka. Amma manomi ba ya aurensu, ba ya ba su aure, ba ya sa hannu a kwano ɗaya da su. In maƙeri ya zo gidanka za ka karɓe shi da fara'a, ka ba shi abinci mai kyau, a kwanonsa na daban. To mutumin da ya zauna gaban Kaka ya ambaci ƙarfe da gasa tukunya a numfashi ɗaya, ya ƙara da cewa tun yana yaro, a kunnenta ya gama faɗin asalinsa.

Kaka ta ajiye guntun sandar. Ta dogara sandarta ta shiga ɗaki, ta fito da sabon kwanon tasa mai furanni ja, wanda ta daɗe tana ɓoyo a ƙarƙashin gado, takardar kanti ma tana manne a gindinsa. Ta ce wa Mama da yarenmu a zuba wa baƙo a nan. Tun farko an shirya Baba da Aristide za su ci a faranti ɗaya, yadda maza ke yi. Baba ya dubi ƙasa, ya gyara zama, ya ja farantinsa gabansa. Aristide ya karɓi kwanon da hannu biyu yana godiya, ya cinye tas har ya yaba miya. Bayan ya tafi Kaka ta sa aka wanke kwanon da ruwan daban, aka kife shi a kan katanga, nesa da kwandon kwanukanmu.

Ko daga moto bai sauka ba saƙonsa ya shigo: “Ma chérie, na ci jarrabawa. Sabon kwano Kaka ta fito mini da shi, har da takardarsa.” Ya bi shi da fuskoki masu dariya. Na daɗe ina kallon wayar. Hoton babban yatsa kawai na iya tura masa.

Washegari aka zaunar da ni. Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce ba shi ke gasawa ba, a masana'antun ƙasashen waje ake yi, a kwali suke zuwa ta Duwala, shi saye yake ya naɗa musu zare. Na ce ko murhu babu a shagonsu. Kaka ta ce ita da kunnenta ta ji, kuma ba yau ta fara riƙe abin da ya fito daga wuta ba. Na ce to ga rediyon da ya gyara tana ta saurare. Ta dube ni kamar na yi maganar yara, ta ce fartanyar da ta yi noma da ita duk rayuwarta ma daga hannun maƙeri ta fito, amfani da kayansu daban, cin abinci daban.

Baba ya yi ta murza hularsa. Ya ce shi a matsayinsa na mai bi bai yarda akwai ɗan Adam mai ƙazanta ba, ya sha faɗa a coci. Amma akwai 'ya'yan ƙanensa mata a dutse da ba su yi aure ba, kuma labari irin wannan motar kasuwa yake hawa ya riga kowa isa. In aka ce 'yar Jonas ta shiga gidan maƙera, su za a bari a zaune. Mama tsintar wake kawai take. Kaka ce ta rufe maganar, cikin sanyin murya, tana kallon hannuna:

“In kika aure shi a haka, Sido, ba zan zage ki ba. Amma ko ruwa ba zan ƙara karɓa daga wannan hannun ba.”

Daga baya Baba ya nemo mafita, Kaka ta amince. Aristide ya zo da ƙanen mahaifinsa, a gaban dattawa biyu na dutsenmu, ya faɗi sunan dutsensu da na kakanninsa, ya ce shi ba jinin maƙera ba ne. In ya tabbata, a sauko da kwano daga katanga a yi maganar rana. Na ji sanyi a raina, na ce ai wannan ba komai ba ne.

Na rufe shago da wuri na tafi bayan kasuwa. Na tarar da shi yana naɗa wani zobe, yana zura zaren yana ja, leɓensa na motsi. Papa Léon yana can ciki da wata talabijin. Na ja kujera kusa, na rage murya, na gaya masa ma'anar kwanon. Hannunsa ya tsaya. Ya ce ya taɓa jin labarin abin, amma a Ngawundere aka haife shi, a unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa, bai taɓa ganin an yi ba balle ya gane ranar da aka yi masa. Na tambaye shi asalinsu kai tsaye. Ya ce mahaifinsa ma'aikacin tasha ne, kakansa manomin dawa ne a wani dutse da ba shi da nisa da namu, ƙanen mahaifinsa yana nan da rai a Meiganga, kuma ba maƙeri ko ɗaya a zuriyarsu.

Wallahi sai da na yi ajiyar zuciya har ya ji. Na ce shi ke nan, ya kira baffansa.

“Ba zan kira shi ba.”

“Saboda me?”

“In an tambaye ni sunan kakana yadda ake tambayar kowane mai neman aure, zan faɗa. Amma in tara dattawa in rantse ni ba irin su wane ba ne, ba zan iya ba.”

“Kalma ɗaya ce fa, Aristide. Kuma gaskiya ce.”

Ya nuna cikin shago da haɓa. Ya ce Papa Léon ɗan maƙera ne, mahaifiyarsa mai ginin tukwane, abin da ya koro shi daga dutse ke nan tun yana saurayi. Ya ce shekarun nan duk a faranti ɗaya suke ci, da ya yi zazzaɓi mutumin nan ne ya ba shi kunu a baki. In ya je ya wanke kansa a gaban dattawa, to ya yarda ke nan akwai dauɗa, kuma ya nuna inda take.

Ni fa ba waliyyiya ba ce, raina ɓaci ya yi. Na ce shi da Papa Léon ba za su rasa komai ba, ni ce zan rasa, ko shi ko Kaka. Na ce baƙin abin da yake naɗawa ma ana ɗauke wuta yake saki, shi wane irin riƙo ne da shi. Ya kusa yin dariya, da ya ga idona ya fasa.

Ana cikin haka Kaltumi mai abinci ta kawo musu shinkafa da wake, faranti ɗaya kamar kullum, ta ajiye a kan benci. Aristide ya ce in matso. Sai Papa Léon ya fito yana goge hannu, ya ce zai leƙa wata fanka da aka bar masa a layin masu atamfa. A nan wani abu ya faɗo mini. Ranar da na fara cin abinci a shagon nan, batir ya je saye. Wata rana cewa ya yi ya ƙoshi. Wata rana waya ce ta kira shi waje. Watanni ina zuwa, ban taɓa ganin hannunsa a faranti ba in ina wurin, ban kuma taɓa tambayar kaina dalili ba.

Na ce, “Papa Léon, zauna mu ci.”

Ya gyara tabarau ya dube ni. “Ke jikar Berthe ce. Na san gidanku tun kafin a haifi babanki. Ku ci, 'yata, ba na so ki koma gida da abin da za a tuhume ki a kai.”

Ashe duk ya ji maganarmu. Ya juya ga Aristide ya ce ya je ya faɗa musu abin da suke son ji, shi ya saba, ba abin da zai rage shi. Aristide ya ce don ya saba ɗin ne ba zai je ba. Dattijon ya girgiza kai ya fita zuwa wajen fankar da ni da shi muka san babu ita. Shinkafar nan ban ci ta ba, kunya ce ta hana ni.

Makon nan na yi shi ba daɗi. Aristide yana turo “ça va?”, wato lafiya, da safe, ina buɗewa in ƙi amsawa. Na ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai, abin da ban yi ba tun ina koyo. Na gwada gaya wa Kaka da bakina cewa kakansa manomi ne, ta ce bakin mai so ba ya shaida, a kawo baffan. Kullum da safe in kai mata kunu, ta karɓa ta kurɓa ta ce “useko, Sido”, godiyarta ke nan, rediyo na waƙa a gefenta, kwano mai furanni yana kife a kan katanga rana na dukansa. Wani lokaci in ji haushin Aristide, wani lokaci na Kaka, amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne bayan Papa Léon yana fita daga shagonsa don ni in ci abinci.

Baba ne ya sake kiran Aristide ranar Lahadi, yana zaton in suka zauna su biyu zai shawo kansa. Ya zo shi kaɗai, da riga shuɗiya wannan karon, ba baffa ba dattawa. Ya gaida kowa yadda ya kamata, har ya tambayi Kaka lafiyar rediyo. Baba ya kewaya ya kewaya ya iso kan maganar. Aristide ya ba shi amsar da ya ba ni, kansa a sunkuye, ba ɗaga murya. Baba ya ce, “Ɗana, kana wahalar da kanka.” Ina ganin ya gane, kuma ganewar ce ta hana shi ƙara magana.

Lokacin abinci ya yi. Kaka ta ɗaga sandarta ta nuna wa Mama katanga. Na riga Mama tashi. Na sauko da kwanon, na ɗauraye ƙurar, na zuba miya a gefe na sa malmalar tuwo, na kai gabansa. Wannan karon bai miƙo hannu biyu ba, kallon kwanon kawai yake. Ban shirya abin da na yi ba, ko kuma na shirya shi tun daga benci a bayan kasuwa ban gaya wa kaina ba. Na jawo butar wanke hannu na wanke nawa, na tattare zanena na zauna a bakin tabarmarsa, na gutsuri tuwo na dangwala a miya na kai baki.

A gidanmu mace ba ta ma ci da namiji a gaban manya, balle a wannan kwanon. Mama ta ce “Sidonie” sau ɗaya, can ƙasa. Aristide ya daɗe kafin ya sa nasa hannun. Muka ci, ba wanda ya ji ɗanɗanon komai. Kaka ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki rediyonta ta rungume, ta dogara sanda ta shige ɗaki, ta saki labule.

Yau da safe na tashi kamar kullum na hura wuta. Na jiƙa tsamiya, na dama gyaɗa, kunun ya yi kauri daidai yadda take so. Na je ɗaukar kofin silba ban gan shi a ƙusarsa ba. Na leƙa ɗakinta, tana zaune a bakin gado da kofin a hannu, Mama ta riga ta dama mata. Daga bakin ƙofa ina ganin yadda kunun ya tsinke, amma tana sha ba ƙorafi. Ta amsa gaisuwata da kyau, ta tambayi ko na tashi lafiya, ba ta dubi tukunyar da ke hannuna ba.

Na koma kicin don in zuba wa kaina. Ina da wani shuɗin kwano mai ɓallen baki, Kaka ce ta sayo mini shi a kasuwar Mokolo shekarar da na shiga makaranta, kowa a gidan ya san ba a taɓa shi. Na birkice kwandon kwanuka ban gan shi ba. Da na fito tsakar gida na ɗaga kai, ga shi can a kan katanga, an wanke shi fes an kife kusa da mai furanni. Daga ɗakin Kaka tashar nesa tana fitowa tas, ba ko shuu.

Ina tsaye wayata ta yi ƙara. Aristide ne: “Papa Léon ya ji abin da kika yi. Ya sa an goge masa rigar coci. Ya ce zai zo da kansa ya gaida Kaka, wai tare suka yi kiwon awaki suna yara.”

Ban ba shi amsa ba tukuna. Na miƙa hannu na sauko da kwanona, na juye kunun Kaka a ciki, na sha a tsaye.